Man leɓen da ake sayar wa 'ya'yanmu a hunturu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku.

Ina da ƙaramin shagon kayan shafa a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Da Disamba ta kama, iska ta fara kaɗawa, ba abin da ake tambayata kamar man leɓe. Mai garuwa zai tsaya, leɓensa a tsage har jini na tsattsafowa. 'Yan makaranta su shigo da sassafe, baki fari fat kamar sun ci gari. Leɓe ba ya fitar da maiƙo irin na fatar jiki, shi ya sa yake riga ko'ina bushewa, lasar da muke yi kuma ƙara masa take, don yawu na bushewa sai ya tafi da ɗan danshin da ya rage.

Kayan manyan kamfanoni ba ni da ƙorafi a kansu. Vaseline, wanda muke ce wa basilin, na kamfanin Unilever ne, kuma tun wajajen 1870 wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya fara tace shi daga daskararren maiƙon rijiyoyin fetur. Nivea da Labello na Beiersdorf ne, a Jamus. Ka san mai su, akwai ranar lalacewa a jiki. Abin da ke ci mini rai shi ne in juya kwalin wasu daga cikinsu in ga man kaɗanya a jerin haɗin. Shi kakata a Daura take ajiyewa cikin gwangwanin madara, ta lakato da yatsa ta shafa mana kafin mu tafi makarantar allo. An fita da shi da arha, an dawo mana da shi cikin 'yar roba mai murɗawa da tsadar gaske. Da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya a Agustan 2025, na ji daɗi, Allah Ya sa mu ga masu sarrafa shi a gida.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne waɗannan 'yan kwalaben marasa suna da ake cewa suna mayar da leɓe ja. Ba lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, ba adireshi, ba jerin abin da aka zuba. Ni ma na taɓa sayar da su, wani dillali ke kawo mini. Bara wata yarinya da ba ta wuce sha shida ba ta dawo da mayafi a baki. Da ta buɗe, leɓen ya ɗaye ya kumbura, gefe-gefe ya yi baƙi ƙirin. "Anti, ko ruwa na sha zafi yake," in ji ta. Na ce ta daina nan take ta je asibiti, ranar kuma na kwashe sauran na zubar. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji nauyi a ƙirjina.

Tun 2023 NAFDAC ta yi shelar cewa bilicin ya zama babbar barazana ga lafiya. To, ina roƙon jami'anta da ke Katsina su riƙa leƙa tiren masu talla a babbar kasuwa da ƙofofin makarantun 'yan mata, don a nan ake sayar da waɗannan 'yan kwalaben, ba a manyan kantuna kaɗai ba. Iyaye mata kuma mu duba jakunkunan 'ya'yanmu kafin sanyin bana ya kankama.

Wata mai shagon kayan shafa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.