Daga Tawa zuwa Abijan: a can sama ma ruwa ake nema

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Abijan da kasuwa? Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafin bazara. Inna tana gaishe ka.

Shekaranjiya da dare aka ɗauke kuran, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ina nuna wa autana Kaza da Ƴaƴanta, sai ya ce, "Baba, can ma akwai mutane?" Nan take na tuna gardamarmu ta lakwal kan ko sauran taurari ma suna da duniyoyinsu, da kake cewa wannan tatsuniyar Nasara ce. To, tatsuniyar ta yi ƙafa. Tun 1995 da Michel Mayor da Didier Queloz, ƴan Suwizalan, suka gano duniyar da ke kewaya wani tauraro irin ranarmu, har aka ba su kyautar Nobel a 2019, irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar sun haura 5000.

Dabarar ce ta fi burge ni. Galibinsu ba ganin su ake yi ba. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 taurari ya zuba wa ido. In duniya ta gitta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dushe. Mai girman tamu, kusan kashi ɗaya cikin dubu goma kawai take ragewa. Kamar ka tsaya a Tabalak ka gane sauro ya gilma gaban fitilar mota a Abalak!

Amma ka san tambayarsu ta farko? Irin ta makiyayin Azawak: akwai ruwa? Duniyar da ta matso kusa da tauraronta, ruwanta ya ƙone. Wadda ta yi nisa, ya daskare. Tsakiyar suke farauta. Ko ita ma ba tabbas, tunda sai da iskar da za ta lulluɓe ta. Tauraron TRAPPIST-1 duniyoyi bakwai gare shi, aka yi ta murna a 2017, amma da madubin hangen nesa na James Webb ya leƙa ta kurkusa da shi a 2023, bai ga wata iskar kirki ba.

Na san ka, ɗan Adar, har ka fara tambayar kuɗin mota. Kwantar da hankalinka. Mafi kusa, Proxima b, haske ma sai ya yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ya kai. Kumbo mai gudun Voyager 1, kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Wannan bida ba ta dawowa damina.

Yaron dai na ce masa har yau ba a ga ko ciyawa ba, Allah ne masani. Ya ce in ya girma shi zai duba.

Kai fa, za ka zo huɗar bana, ko in sa a share maka gonar? Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Tawa