Alhazan Maraɗi, ku buɗe ƙofa ku ji ta bakin yara

Malam Edita, assalamu alaikum, dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu kuɗin garinmu.

Akwai ƙanena da ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yanzu kiredi yake saidawa a ƴar rumfa bakin kasuwa, amma yaron nan yana da wani kaye da yake rubuta farashin wake da gero duk sati, da yadda naira ke hawa da sauka a kan sefa, shekara biyu kenan bai fasa ba. Ya ɗauki kayen ya je wajen wani alhaji don ya nuna mishi lokacin da ya fi dacewa a sayi kaya a ajiye, ya wuni kan benci a ƙofar gida, da la'asar aka aiko yaro ya ce mishi ya dawo gobe. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Wasu manyan kamfanoni na waje ba sa jira a zo, su ke fita neman dabara wajen jama'a. A 2000 kamfanin haƙar zinare na Goldcorp a Kanada ya zuba bayanan mahaƙarsa a intanet, ya sa kyautar dala 575,000 ga waɗanda za su nuna inda ya kamata a tona. Kamfanin zuba jari na Numerai kuma da aka kafa a Amurka a 2015, alƙaluman kasuwar hannun jari yake ba mutane kyauta bayan ya ɓoye sunayen kamfanonin, kowa ya yi hasashe daga ɗakinshi, sai su haɗa hasashen duka su zuba kuɗi da shi, wanda nashi ya yi daidai a biya shi. Ba a tambayar ɗan gidan wane ne kai.

Na sani ba kullum ake dacewa ba, wani kamfanin Amurka, Quantopian, sun gwada irin wannan sun rufe a 2020. To amma mu ai haɗa kai ba baƙonmu ba ne, tsarin asusun mata na Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi aka faro shi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe.

Roƙona shi ne alhazai biyar ko goma su haɗu su fito da matsala ɗaya, misali yadda ƙwari ke cinye wake a sito, su sanar a rediyo da WhatsApp, su faɗi kyautar ƙarara, ko jika ɗari biyar ce, su sa malaman jami'a alƙalanci. Kuma a rubuta a takarda cewa mai dabara yana da kaso in an ci riba, don abin da yaran ke tsoro kenan, su faɗa a kwashe a bar su da na gode. Ƙanena kam kayenshi na nan cikin leda ƙarƙashin tebur, ranar da aka sanar shi zai fara zuwa.

Naku, mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi.