Amsa ga Baba Mai Unguwa: Ka sha jin su, da wani suna aka faɗa maka

Assalamu alaikum Baba, ranka ya daɗe. Da fatan an tashi lafiya, ya sanyi, ya haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron iyaye da aka yi a harabar Islamiyyar unguwarmu, bayan na gama bayani a kan nimoniya da gudawa, ka miƙe ka yi mini tambaya a gaban kowa. Ka ce: "Yarinya, shekarata saba'in da ɗoriya a garin Jos. Na ga ƙyanda, na ga sanƙarau, na ga shan inna, na ga korona da aka rufe mana masallatai dominta. Amma ban taɓa zuwa jana'izar yaro aka ce mini nimoniya ce ajalinsa ba. Yanzu kin zo kin ce ita da gudawa suna sahun gaba wajen kashe yara a duniya. Wa ya ƙirga? Ko dai Turawa ne ke shirya lissafinsu don allurarsu ta sami kasuwa?" Na ga mutane da dama suna gyaɗa kai. Kafin in buɗe baki aka kira la'asar, taro ya watse, na koma gida maganar tana cina a rai. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, na ga ya kamata amsar ma ta fito inda kowa zai gani.

Gaskiyarka, Baba. Ni ma ban taɓa jin sunan nan a gidan makoki ba. Amma ka tuna abin da ake faɗa in an je gaisuwa. "Sanyi ne ya shige shi." "Ɗan tari ne da zazzaɓi, kwana uku kawai." "Haƙori ne ya zo masa da gardama." "Maɗigarsa ce ta faɗa." "Yaye ne bai karɓe shi ba." Waɗannan kam na san ka ji su ba adadi, don babu gawar da ake fitarwa a unguwar nan ba ka halarta ba. To, akasarinsu su ne. Sanyin da ya shiga ƙirji, shi muke kira nimoniya a asibiti. Haƙorin da ya zo da gardama da maɗigar da ta faɗa, gudawa ce ta tsotse ruwan jikin yaro.

Haka aka gaya mini game da ƙanena. Ina 'yar shekara tara, muna zaune a Gangare, shi kuma watansa goma. Ya fara gudawa, kakarmu ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori ne, zai wuce. Inna ta rage ba shi ruwa, don a ganinta duk abin da ya shiga shi ke fitowa. Kwana biyu tsakiyar kansa ta lotsa, aka kwaɓa magani aka shafa masa a wurin. Abin da har yau yake tsaye a idona shi ne yadda yake buɗe baki yana kuka, babu ɗigon hawaye ko ɗaya. Asuba ta uku Allah ya karɓi abinsa. Sai da na shiga makarantar koyon jinya, malama tana lissafa alamomin bushewar jiki, idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, kuka ba hawaye, fatar ciki in an ja ta ƙi komawa, sannan na gane ƙishirwa ce ta kashe shi, a gidan da randa take cike. Ban taɓa ganin laifin Inna ko kakata ba. Da abin da suka sani suka yi masa, kuma da ƙauna suka yi.

Ka ce wa ya ƙirga. Mu ne muka ƙirga, Baba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke tura ma'aikata gida-gida bayan 'yan shekaru, su zauna da uwa su tambaye ta haihuwa nawa ta yi, nawa ke raye, nawa suka koma, suna da wata nawa. Binciken 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Akwai kuma wani binciken da ake komawa gidajen da aka yi rashi a tambayi yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, likitoci su duba amsoshin su gane cutar. Da wannan, da rajistar asibitoci, ake fitar da ƙiyasi. Ƙiyasi ne, tunda mu ba ma rubuta mutuwa, musamman ta jariri, wanda kafin hantsi an kai shi an dawo.

Ga abin da ƙiyasin ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000 a duniya, wato kashi 14 cikin ɗari na duk yaran da suka rasu. Gudawa kuma tana ɗauke fiye da 400,000 a shekara. Mafi yawansu ba su cika shekara biyu ba. Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne lissafin da UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar na 2018, inda Najeriya ce ta ɗaya a duniya da yara 162,000 da nimoniya ta kashe. Indiya, mai yawan jama'ar da ya ninka namu sau shida ko fiye, 127,000 gare ta. Sai Pakistan, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da Habasha. Ƙasashen nan biyar su suka ɗauki fiye da rabin gawarwakin. In ka raba namu da kwanakin shekara, yara wajen 440 ke nan kullum. Korona da ka ambata, duk tsawon zamanta adadin da gwamnati ta bayyana ta kashe a ƙasar nan bai kai 4,000 ba. Nimoniya na cike wannan adadin cikin kwana goma.

Dalilin da ba ka ji labari ba shi ne ba sa mutuwa a tare. Ɗaya a Rikkos, ɗaya a Anguwan Rogo, ɗaya a wani ƙauye bayan Bukuru, kowanne a ɗakin uwarsa, cikin dare. Rediyo ba ya sanarwa, gwamna ba ya zuwa jaje. A ce mata "Allah ya sa mai ceto ne", ta ce amin.

Batun kasuwar allura kuwa, ban ga laifinka ba da ka yi zargi, don an sha cutar talaka da sunan taimako. Sai dai babban maganin gudawa ba abin da wani zai yi arziki da shi ba ne. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ruwa cikin manyan ganguna, 'yan jinya suna ɗiba da kofi suna ɗura wa nasu. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Shi ne ruwan gishiri da sukarin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage a kai lokacin da yake ministan lafiya zamanin Babangida, na san kana tune da yadda ake ta shelarsa a rediyo. Yau yana zuwa a 'yar leda, ORS, tare da ƙwayar zink da yaro zai sha kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. In babu ledar, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, kuma kada a janye masa nono.

Amma uwa ta je kemis a miƙo mata wannan ledar, sai ta ga kamar an raina ciwon ɗanta. Ita Flagyl take so, ko allura, ko abin da zai tsayar da gudawar nan take. Mai kemis kuma abin da ya fi tsada zai miƙo. Alhali yawancin gudawar jarirai wata ƙwayar cuta ce mai suna rota da ire-irenta ke kawo ta, waɗanda magungunan nan ba sa taɓa su ko kaɗan.

Sai maganar sanyi, wadda a nan Jos ita ce ta fi ruɗa mu. Kowa ya san hunturun garin nan, yadda a Disamba da Janairu ruwan alwala ke yankar hannu kamar reza. Saboda haka in yaro ya kama tari, sanyi muke ɗora wa laifi, mu kuma yaƙe shi da abin da muka sani: a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a shigo da kaskon gawayi, mutum bakwai a kwana a ɗaki ɗaya. Ƙwayar cuta ce ke kawo nimoniya, Baba, daga numfashin wani zuwa na wani, kuma rufaffen ɗaki mai hayaƙi shi ne inda ta fi jin daɗin yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da nimoniya ke kashewa, akwai hannun hayaƙin cikin gida a ciki, na itace da gawayi da kananzir. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura murhu, tare suke shaƙa, shi kuwa huhunsa bai yi ƙwari ba.

A hunturun bara wata yarinya ta shigo mini da goyonta na fari, wata bakwai, an naɗe shi da rigar sanyi uku da hula da bargo, ƙirjinsa na ƙamshin man zafi. Ta ce mura ce, kwana huɗu. An yi masa sirace, an kai shi wurin wanzami an cire masa beli. Na ce ta kwance shi. Na ɗora wayata a kan tebur na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: 66. Duk jan numfashin da zai yi, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki. Na tambaye ta me ya hana ta zuwa tun shekaranjiya. Ta sunkuyar da kai ta ce maigidan ya tafi kai tumatir kudu, wayarsa ba ta shiga, ba ta son ta fita ba izini. Ba mu da iskar oksijin a wurinmu. Muka yi masa allurar farko, muka nemo Keke Napep zuwa babban asibiti. Ya rayu, alhamdu lillahi, bayan kwana shida a gado. Da ta zo a rana ta farko, ƙila da amoksisilin da ake narkarwa a cokali, na 'yan kwanaki, zai warke a gida.

Wannan ƙirgar ba sai nas ba, kowa zai iya. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a kalli cikinsa. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye a minti haɗari ne. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuwa haƙarƙari na lotsawa, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye.

Allurar da kake zargi, kyauta ake yinta a asibitin gwamnati. Ta nimoniya ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 2014, ɗigon rota na gudawa kuma a watan Agusta na 2022, ana ba da su a sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9. Duk da haka Najeriya na da yara fiye da miliyan biyu da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba. Nonon uwa zalla na wata shida ma riga-kafi ne, amma binciken 2018 ya nuna ko kashi ɗaya cikin uku na jariranmu ba sa samu. Mun fi yarda da cewa jariri na jin ƙishi, sai a ba shi ruwan rijiya, rijiyar da taku kaɗan ne tsakaninta da masai.

Ba na ɗora komai a kan iyaye. Uwar da famfon unguwarta ya yi shekaru bai kawo ruwa ba, daga 'yan garuwa take saye, ba ta san inda suka ɗebo ba. Gas ya fi ƙarfin aljihunta, dole ta koma gawayi. Kogin Dilimi kuwa ka fi ni sanin abin da ake zuba masa. Waɗannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma kai kana da bakin da za a saurara fiye da nawa. Jigawa ta kai matsayin jihar da ta daina bahaya a fili tun 2022, ba kuma don ta fi Filato kuɗi ba.

Bayan taron wani dattijo ya tare ni a ƙofa ya ce in bar wahalar da kaina, wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsare shi. Na yi imani da haka. Na kuma yi imani da faɗar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. A 1990 yara fiye da miliyan 12 ne suka rasu a duniya kafin shekara biyar. A 2022 adadin ya dawo ƙasa da miliyan 5. Da ikon Allah aka samu wannan, ta hanyar abubuwan nan da na ambata.

Alfarmar da nake nema a wurinka ɗaya ce, ranka ya daɗe. Maza ba sa zuwa awo, ba sa zuwa riga-kafi, maganata ba ta kai gare su. Taka tana kaiwa. Ka yi magana da liman, bayan sallar Juma'a a gaya wa kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yanzu, sau ɗaya, cewa duk ranar da yaro ya fara numfashi sama-sama ko gudawa ta ƙi tsayawa, ta ɗauke shi ta tafi ko yana gari ko ba ya nan, ya kuma ajiye mata ɗan kuɗin mota da ledar ORS biyu a inda hannunta zai kai.

Ranar Talata muke riga-kafi, ina wurin tun ƙarfe takwas. Na ji an yi maka sabuwar jika, Allah ya raya. Ka sa a kawo ta da katinta, in kuma da hali ka rako su da kanka. Zan ɗora agogonka a kan tebur mu ƙirga numfashinta tare.

Wassalam.

'Yarka,
ma'aikaciyar jinya, Jos