Manya masu raunin fahimta ma suna da haƙƙi a asibitin unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan manyan mutane masu raunin fahimta, irin ƙanina ɗan shekara 34. Yana wanka da kansa, yana ba awakinmu dusa, amma ba ya iya ƙirga canji, kuma in ciwo ya kama shi ba ya iya faɗin inda yake masa zafi.

Kwanaki na kai shi asibitin unguwa da zazzaɓi. Ma'aikaciyar ko kallonsa ba ta yi ba, ni ta tambaya, wai mahaukaci ne? A haka aka haife shi, baiwar Allah, wannan daban da taɓin hankali.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Amma in ana maganar naƙasa, guragu, makafi da kurame ake nufi.

Masu allurar shan-inna suna shiga gida-gida. Me zai hana a horar da ma'aikatan lafiya su riƙa leƙa irin waɗannan bayin Allah haka, su auna musu jini, su duba haƙori? Mahaifiyarmu ce ke kula da ƙanin nawa, ga shi ƙafa ta fara gagararta.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano