A sauko da solar nan zuwa fadama

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da shugabannin ƙananan hukumominmu na Jigawa guda 27, har da maƙwabtanmu na Kano guda 44 in sun ga maganar ta shafe su.

Ni manomin rani ne a gaɓar kogin Haɗejia, shinkafa nake yi da ɗan tumatir da albasa. Kwanaki aka zo garinmu aka kafa fitilun sola a bakin titi da kasuwa, kuma wallahi mun ji daɗi, mai shayi da mai tsire suna kaiwa dare, yara suna bitar karatu a gindin fitila, mai zuwa sallar asuba ba ya laluben hanya. Ranar buɗewa an yi jawabi an ce wannan yana cikin ƙoƙarin rage hayaƙi da ke jawo sauyin yanayi. Na yarda da niyyar. Amma ina tsaye a wurin ina tunani, titin nan ai da ma duhu ne, ba wani janareto da ake kunna masa balle a ce an kashe shi. Hayaƙin garinmu yana fadama. Duk mai son ya gani ya sauko da hantsi a watan Fabrairu ko Maris, injinan ban-ruwa ne jere tun daga bakin kogi har iya ganinka, kowanne yana kuka yana aman hayaƙi, in kana kusa sai ka ɗaga murya kafin ɗan'uwanka ya ji ka. Masana sun ce kowace lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin sama da kilo 2 na iskar da ke ɗumama duniya, to a lissafa injina nawa, lita nawa kullum, wata nawa.

Kuma mu ba son fetur ɗin nan muke ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, a ƙauye kuma wurin 'yan bumburutu muke saye, ka san sai an ɗora. Na san mutanen da suka rage gona rabi, na san wanda ya bar shinkafa ta bushe tana gab da fitar da kai saboda ba kuɗin mai na sati biyu, yana kallo ba yadda zai yi. Wasunmu muka kai injin wurin makaniki aka juya shi ya koma shan gas ɗin girki, ya ɗan yi sauƙi, sai gas ɗin ma ya tashi, ga ɗaukar tukunya a babur zuwa gari a cika a dawo.

To ga rana nan Allah Ya ba mu kyauta, kuma lokacin da ta fi zafi shi ne lokacin da gona ta fi neman ruwa. Famfon sola na ban-ruwa ko batir ba ya buƙata, farantan sola ne kawai da famfon, rana ta fito ruwa ya taso, ta faɗi ya tsaya, shi ke nan. Wani maƙwabcina da ya samu ya saya, tun daga nan bai ƙara riƙe jarka ba. Abin da ya hana sauranmu shi ne kuɗin farko, a dunƙule ake biya, talaka kuma ba ya tara kuɗi a dunƙule sai kaka. Nan ne ƙaramar hukuma za ta shigo. Ba kyauta muke roƙo ba, kayan kyauta ma mun ga inda suke ƙarewa, hannun 'yan jam'iyya, bayan sati ka gan su a kasuwa. A sayo a ba ƙungiyoyin manoma bashi, mutum 5 ko 10 masu gona a jere su haɗa famfo ɗaya, mai unguwa da dagaci su tsaya musu shaida tunda sun san kowa da gonarsa, a riƙa biya da kaka ko da buhun shinkafa ne, abin da aka karɓa a sayo wa na gaba.

In aka ce ba kuɗi ko ba hurumi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi tun 2021, a shekarar kuma marigayi Shugaba Buhari ya yi alƙawari a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow cewa nan da 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska. Wannan alƙawari ba a Abuja kaɗai za a cika shi ba. Akwai ma hukumar tarayya ta samar da lantarki a karkara da take kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka, ciyaman da kansiloli su bi sahu su nemo mana mana.

Sai maganar gyara, ita ce ta fi ci min rai. Cikin fitilun da aka kafa mana wasu har sun mutu, rijiyar burtsatse mai sola da ke unguwarmu ta fi wata 6 a tsaye, mata da yara sun koma tuƙa-tuƙa da layi tun asuba, kuma da wani yaro mai gyaran waya ya duba ya ce ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a akwatin. Faranti yana shekara 20 yana aiki, batir ne zafinmu yake kashewa da wuri, sai ƙurar hunturu da ke rufe farantan in ba a gogewa. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba wanda aka ce ga aikinka. Me zai hana kowace mazaɓa a ɗauki matasa 2 ko 3 a koya musu, a ba su kayan aiki da ɗan alawus, a rubuta lambar wayarsu a jikin tankin? Ɗakin shan maganinmu ma haka, ranar da matar ƙanena ta haihu da fitilar waya aka karɓi haihuwar.

Muna ganin rairayi yana cin gonaki ta wajen Maigatari da Birniwa, mun ga ambaliyar 2022 da ta kwashe mana amfanin gona da gidaje, don haka in an ce yanayi ya canza ba sai an yi mana dogon bayani ba. Roƙona, kafin a rubuta kasafin kuɗin baɗi, ciyaman ya ɗauki shugaban sashen gona su sauko fadama da hantsi a zauna da mu ko na awa ɗaya ne, kafin a fara yayyafa irin rani.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
wani manomin rani daga gaɓar kogin Haɗejia, Jihar Jigawa