Wasiƙa daga Jidda a kan 'yan ƙwallo da lemon gwangwani

Jidda, Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da su Inna. Yaya Zariya, yaya ɗalibai, yaya fama da tsadar nan da muke jin labarinta daga nesa? Mu nan alhamdu lillahi, sai gumin Jidda da ka sani, wanda ko da dare ba ya sassautawa. Saƙonka ya iso ta hannun alhajin da ya zo Umara, ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa duk lafiya lau. Maman yara ta ce ba ta taɓa ganin Bazazzagi ya yi abin kirki haka ba, na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin uwargida ne.

Ka ce ɗalibanka na Islamiyya sun tsare ka da tambaya, wai ya halatta Musulmin ɗan ƙwallo ya fito a tallar lemo da su cincin ɗin leda, kuma kana so ka ji ta bakina tunda ni nake sayar da su. Fatawa dai taku ce malamai. Ni abin da nake gani daga bayan kanta shi zan faɗa maka.

Baƙalar da nake aiki, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, tana kusa da wata makarantar firamare. Firijin lemon da ke bakin ƙofa ba namu ba ne, na kamfani ne, kyauta suka ajiye shi bisa sharaɗin kada a sa kayan wani a ciki. Su ne suke zuwa su liƙa hoto a jikinsa, su kuma suke canza shi idan wata gasa ta matso. Alewa da dankalin leda suna jere a ƙasa-ƙasa, daidai idon ɗan shekara bakwai. Madara da laban, wato nono, kuwa sai ka shiga can ciki. Da an tashi daga makaranta yara za su cika shagon, kowa da riyal biyu ko uku a hannu, sau da yawa ma sauran kuɗin da aka ba shi ne na maƙsaf, wato shagon abincin makaranta. Na sha ganin yaro ya tsaya yana jujjuya gwangwanaye, ba ɗanɗano yake nema ba, wanda yake da fuskar gwaninsa yake nema.

Ka san mutanen nan da ƙwallo tun ba yau ba. Yaranmu na nan sun tashi suna alfahari da su Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, ga Umar da Mu'utaz Hausawi duk a tawaga ɗaya. Ahmed Musa ma ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020. Amma abin da ya faru a 2023 ya sha bamban. Ronaldo ya sauka Riyad a watan Janairu, kafin shekara ta ƙare Benzema da Kante suna Al-Ittihad a nan Jidda, Mahrez yana Al-Ahli, Sadio Mane yana Al-Nassr, Neymar yana Al-Hilal. Mutanen da yara suke gani a waya kawai sai ga su a filin wasa na Jauhara da ke nan Jidda, tafiyar mota kaɗan daga unguwa. Kuma da yawansu Musulmi ne, ana yaɗa hotunansu sanye da harami a gaban Ka'aba.

To nan ne maganar take. Wani yaron maƙwabtanmu, ɗan wata 'yar Damagaram, kullum sai ya sha gwangwani biyu kafin la'asar. Ran nan na ce masa ya rage, haƙoransa na gaba sun fara cinyewa. Buɗar bakinsa sai ya ce, “Kawu, ai Salah ma yana sha, kuma yana sujada in ya ci ƙwallo.” Bai yi ƙarya a kan sujadar ba, kuma Muhammad Salah ya daɗe yana fitowa a tallar Pepsi, kowa ya sani. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda yaron ya haɗa biyun wuri ɗaya ba tare da wani ya koya masa ba. A wurinsa mutumin da yake sa goshi a ƙasa a gaban dubban Turawa ba zai miƙo masa abin da zai cuce shi ba. Ni a ganina wannan yardar ce kamfani yake biya da tsada idan ya ɗauki Musulmin ɗan wasa don kasuwar ƙasashenmu. Iya murza leda akwai masu shi da yawa. Wanda uwa za ta ga hotonsa ta ce “Allah Ya yi albarka” su ne kaɗan.

Kada ka ce 'yan wasan nan ba su da kishin addini, suna da shi. Frederic Kanoute na Mali, lokacin yana Sevilla a 2006, ya liƙe tambarin kamfanin caca na 888 da ke ƙirjin rigarsa. Hashim Amla na Afirka ta Kudu, ɗan wasan kurket, ya ƙi sa tambarin giyar Castle a rigarsa ta ƙasa. Papiss Cisse na Senegal ya yi rigima da Newcastle a 2013 saboda tambarin Wonga, masu ba da bashi da ruwa, ko da yake daga baya an sasanta ya sa rigar. Paul Pogba kuma, ranar 15 ga Yunin 2021, bayan Faransa ta ci Jamus, ya ɗauke kwalbar Heineken daga gabansa a wurin hira da 'yan jarida, alhali ma irin wadda ba ta da barasa ce. Mun yi ta tura bidiyon a WhatsApp muna kabbara, na tuna kai ma ka turo mini.

Amma duba iyakar da suka shata: giya, caca, riba. Shi Pogban shekara ɗaya kafin nan yana cikin tallar Pepsi tare da Salah da Messi. Wanda ya ture kwalaben Coca-Cola biyu gefe a Budapest, kwana ɗaya kafin na Pogba, ya ɗaga gorar ruwa ya ce a sha ruwa, Ronaldo ne, wanda ba ya salla. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Ba waliyyi na mai da shi ba, shi ma ya yi wa Coca-Cola talla yana saurayi, ya kuma yi wa KFC, masu soyayyar kaza, a ƙasashen Larabawan nan. Mbappe ma a 2022 ya ƙi shiga ɗaukar hoton masu ɗaukar nauyin tawagar Faransa, aka ruwaito cewa ba ya so a haɗa sunansa da caca da abincin gaggawa. Na daɗe ina jiran in ji wani daga cikin namu ya ce ba zai tallata wa yara sukari ba saboda Allah zai tambaye shi.

Laifin ba nasu su kaɗai ba ne, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Mace za ta shigo shago ta juya leda tana karanta bayanta a tsanake, tana neman ko akwai kitsen alade ko wani sinadari mai shubuha. Da ta ga tambarin halal shi ke nan, ta jefa uku a kwando. Layin sukari yana nan a wurin, ƙasa kaɗan da inda yatsanta ya tsaya. Alhali ayar Baƙara ta 168 da ta ce mu ci halal ita ce ta ce mai kyau, ta A'arafi ta 31 kuma ta ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Hadisin kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kai ka fi ni sanin inda yake a Tirmizi. Da azumi abin ya fi muni. Talla takan cika da fitilu da jinjirin wata da iyali zaune ana jiran kiran salla, ga ƙatuwar gorar lemo a tsakiyar faifai kusa da dabino. Cinikin lemo a shagonmu a sauran watanni bai taɓa kai na watan Ramadan ba.

Gwangwani ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce zai fi kyau babban mutum ya tsaya a wajen giram 25 a yini. Ka lissafa na yaron da na ba ka labari, mai gwangwani biyu. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana da ciwon sukari, kuma ba sai an karanta maka ba: a masallacin unguwarmu kujerun masu salla a zaune ƙaruwa suke yi, akwai dattijo biyu da aka yanke wa yatsu. Shi kuwa ɗan ƙwallon da ke jikin firij yana da likitan abinci da yake auna masa loma. Zai riƙe gwangwanin na daƙiƙa talatin a gaban kyamara, ya ajiye, ya koma ga gasasshen kifinsa da ganye.

Hukuma a nan ta taɓuka, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Tun 2014 aka hana tallar lemon ƙara kuzari, aka hana kamfanoninsa ɗaukar nauyin wasanni da sayar da shi a makarantu. A watan Yunin 2017 aka sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemo mai gas, kashi 100 a kan na kuzari, gwangwanin riyal ɗaya da rabi ya koma biyu da kwata. A 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a jerin abincinsu, a ƙarshen shekarar kuma harajin ya haɗa da sauran abin sha mai zaƙi. Ciniki ya ja baya da farko, na gani da idona. Sai dai dokar da ke kan farashi ba ta shiga wayar yaro. Tallar tana cikin YouTube da TikTok da wasannin bidiyo, yana kwance a ɗaki take samunsa. Ƙasar Chile ta tsananta sosai, tun 2016 ta hana sa 'yan tsana da hotunan katun a kayan da sukari ko gishiri ya yi wa yawa, ta kuma sa a buga musu baƙin tambarin gargaɗi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce a yi doka ta dole, a daina barin kamfanoni su tsare kansu da kansu. Naira 10 a kan lita da aka sa muku a dokar kuɗi ta 2021 kuwa, da wannan darajar nairar, ko mai shago bai ji ta ba balle yaro.

Ga kuma 2034 tana tafe, gasar kofin duniya a ƙasar nan. Coca-Cola tana cikin masu ɗaukar nauyin gasar tun 1978, McDonald's tun 1994. Za a yi ta muhawara a kan ko za a bar giya a filin wasa, malamai za su yi huɗuba, jaridu za su cika. Ina mai tabbatar maka ba wanda zai ɗaga murya a kan abin da za a cika hannun yara da shi a wata gudan nan.

In da ni ne a gaban ɗalibanka, ba zan ce musu haramun ne ba, don ban isa ba, kuma ba zan zagi 'yan wasan ba. Mane ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali, abin da attajiranmu da yawa ba su yi ba. Zan dai sa a kawo gwangwani ɗaya da kofin gilashi da sukari, in sa yaro ɗaya ya auna cokali tara a gaban 'yan ajin, sannan in tambaye su nawa suke jin an biya mai hoton, kuma shi a gidansa me yake ba 'ya'yansa. Ka gwada ka ba ni labari, ina so in ji me 'yan matan ajin za su ce, don su ne za su riƙe kwandon cefane gobe.

Maganar maganin ƙafar Inna, na samo shi, zan ba wa wani ɗan unguwarku da zai taso bayan sati biyu, tare da dabinon ajwa da jallabiyya biyu na yara. Ka turo mini lambar takalmin autanka, wanda ka faɗa a waya ban ji da kyau ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a nan, saura wata uku a sabunta, ka sa mu a addu'a Allah Ya kawo kuɗin cikin sauƙi. Ka gaishe da Liman da mutanen majalisa, ka ce wa mai shayi bashinsa yana nan ban manta ba.

Wassalam,
Naka, amininka Bakano na Jidda