Sanarwa ga ƴan rukunin ma'aikatan lafiya na Gombe: kalikirin da kumburin leɓe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu ba da maganin hawan jini, a kula da wannan.

Kalikirin sinadari ne a jini da ke yanka furotin ɗin kininojin, ya fitar da biradikinin. Biradikinin ne ke sa jijiyar jini ta buɗe, jini ya sauka, kuma bangon ƙananan jijiyoyi ya riƙa tsiyayar da ruwa cikin nama. A lafiyayyen jiki ba ya wuce daƙiƙoƙi, domin sinadarin ACE na rusa shi, galibi a huhu.

To magungunan hawan jini irin su lisinopril da captopril da enalapril wannan ACE ɗin suke toshewa. Biradikinin sai ya taru. Daga nan busasshen tarin nan ke zuwa, wanda maganin tari ba ya taɓawa. Mafi haɗari shi ne kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya bayyana bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau, don haka kada a ce ai majinyacin ya daɗe a kai.

In kun ga haka, a dakatar da maganin nan take, kada a sake ba shi har abada. A saurari muryar majinyacin: in ta dushe, ko miyau na zuba, ko haɗiya ta gagara, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a zaune, ba a kwance ba. Piriton da hydrocortisone, da ake bayarwa don alaji, ba su cika yin tasiri a nan ba, saboda ba histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburin alaji, ne ya jawo ba. Don Allah kada a ɓata lokaci ana jiran su.

Likita ne zai sauya masa magani, sau da yawa zuwa amlodipine.